Wayar Lantarki A Ƙarƙashin Gona

Wanda duk ya bar birnin Kano ya yi arewa, ko ta hanyar Bichi, ko ta Ɗambatta, ko ta Minjibir, zai ga wani abu da ba ko'ina a ke ganinsa ba. Zai yi tafiya mai nisa bai ga daji ba. Gona na jingine da gona, gida na hangen gida. Tsakanin gonar wannan da ta wancan ba kome sai ɗan layin gamba, ko jema, ko shingen aguwa. Ga gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya tsaye cikin gonaki, kowane itace da mai shi. Tun zamanin kakanni mutanen wannan ƙasa ba su cika barin gona ta huta ba. Kowace shekara su kan kai mata taki cikin mangala bisa jaki, su nome ta. Saboda haka da wuya a sami wurin da bakin fartanya bai taɓa sara ba.

Ku riƙe wannan magana, gama ita ce tushen karatunmu na yau. A ƙasar da a ke tonon ko'ina, wanda zai binne abu mai haɗari sai ya yi dogon tunani tukuna.

Abin Da Ya Faru A Wata Gona

Wata shekara ina rangadin makarantu, na sauka a wani ƙauye arewa da Kano. Mai masaukina manomi ne mai ƙwazo. An kawo wutar lantarki unguwarsu, an ja masa har zaure. Can ƙarshen gonarsa kuwa, wajen mita 120 daga gida, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sa mata injin jawo ruwa mai aiki da lantarki, don ya riƙa yin lambu da rani. Saura yadda wuta za ta tashi daga gida ta isa rijiya.

Ya tafi kasuwa ya sayo siririyar waya, irin wadda a ke ja wa fitilar ɗaki, domin ita ce mai araha. Ya tone ƙasa da fartanya, zurfin bai fi taƙi guda ba, ya kwantar da ita, ya tura ƙasa ya rufe. Inji ya tashi, ruwa ya zubo, kowa ya yi murna. Rani ya wuce, aka manta da waya, ba wanda ya ko kashe makunninta.

Da damina ta sauka aka yi shuka, lokacin noman fari ya yi. Ɗansa, ɗan aji biyar, yana cikin noma da safe, ya kai sara, sai ji ka ke ƙau! Wuta ta yi tartsatsi daga cikin ƙasa. Yaro ya yar da fartanya, ya faɗi da baya. Da aka duba, sai ga bakin fartanya ya yi baƙi, ga waya ta rabu biyu. Abin da ya taimake shi, ƙotar fartanya busasshen itace ne, kuma fis ɗin gida ya tsinke nan take. Da hannunsa ya taɓa ƙarfen, ga shi ba takalmi, ga ƙasa da danshi, da sai dai wani labarin.

Da dare yaron ya ce wa ubansa, "Baba, da na san akwai waya a wurin, da ban sara ba."

Uban ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Gaskiyarka, ɗana. Laifin ba naka ba ne. Ni na binne, ni kuma na manta."

Da gari ya waye ya aika aka kira masa ma'aikacin lantarki mai takardar shaida, suka yi shawara a sake aikin bayan an kawar da amfanin gona. Da na komo rangadi bayan kaka na tarar suna kai. Abin da na gani shi zan kwatanta muku.

Daga Ina Wutar Ta Ke Zuwa?

Kafin mu leƙa rami, bari mu san baƙuwar da za a saukar a ciki. A shekarar 1831 wani mutumin Ingila, Michael Faraday, ɗan maƙeri, ya gane cewa in aka motsa mayen ƙarfe kusa da naɗaɗɗiyar waya, sai wutar lantarki ta gudana cikin wayar. A kan wannan sani aka ƙera manyan injunan da ke ba duniya wuta. A nan Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, aka kafa inji a bakin kogin Calawa, mutanen birni suka soma ganin fitilar da ba ta shan kananzir. Daga baya aka datse kogin Kwara a Kainji, aka gama a 1968, aka yi na Jebba a 1985, da na Shiroro a kan kogin Kaduna a 1990. A waɗannan wurare ƙarfin ruwa ne ke juya inji. A kudancin Nijeriya kuwa akwai tashoshi da yawa masu aiki da iskar gas.

Ƙarfin da ke tura wuta cikin waya da bolt a ke auna shi. Batirin tocila bolt ɗaya da rabi ne, na mota bolt 12. Amma wutar da ke tahowa bisa dogayen turakun ƙarfe zuwa tashar Kumbotso, kudu da birnin Kano, bolt 330,000 ce. Daga can a ke rage ta hawa hawa, zuwa 132,000, zuwa 33,000, zuwa 11,000, har ta iso taransifomar unguwa, wadda ke mai da ita 230, sa'an nan ta shiga gida. Kada ku ce 230 kaɗan ne. Ya isa ya kashe ƙato, har da bijimin sa.

A shekarar 2013 aka danƙa wa kamfanin KEDCO aikin rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa. Wayar da ta taso daga falwaya zuwa mitar da ke ƙidaya wuta, ba mai taɓa ta sai ma'aikatan kamfani. Daga mita zuwa ciki kuwa, nauyin maigida ne, nan ne kuma maganarmu ta ke. Wanda ke samun wutarsa daga janareta ko daga faifan hasken rana, shi ma maganar ta shafe shi, gama wuta duk wuta ce.

Ta Sama Ko Ta Ƙasa?

Hanya biyu ce a ke kai wuta daga gida zuwa rijiya. Ko a kafa turaku a rataye waya, ko a haƙa rami a binne ta. Ta sama ta fi sauƙin kuɗi, ido na ganinta, in ta lalace ba wuyar gyara. Amma abokan gabanta suna da yawa. Iskar hadarin bazara ta kan kā da turke. Gara ta kan cinye gindinsa. Mai sassabe gawo don dabbobi ya kan sako mata reshe. Amalanke ko raƙumi da aka labta wa kara ya kan sarƙe ta. Turakun kuma su kan tare wa garmar shanu hanya.

Ba mu kaɗai muka gamu da wannan damuwa ba. A birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka, sa'ad da Thomas Edison ya buɗe tasharsa ta ba da wuta a 1882, ƙarƙashin titi ya bi da wayoyinsa cikin bututun ƙarfe. Waɗansu kamfanoni kuwa suka ci gaba da rataye nasu bisa turaku, har suka yi wa sararin birnin kamar saƙar gizo. A watan Maris na 1888 aka yi wata ƙasaitacciyar guguwa da dusar ƙanƙara, turaku suka karye, wayoyi suka zube kan titi. Bayan wannan ne hukumar birnin ta matsa aka mai da su cikin ƙasa.

To, wayar ƙasa ta tsira daga iska da reshe. Amma tana da aibi guda babba, watau ba a ganinta. Abin da ido ba ya gani kuwa, zuciya ba ta daɗewa ta manta da shi. Duk dabarun da za ku ji nan gaba, don maganin wannan aibi aka yi su.

Waya Mai Sulke

Abu na fari da ma'aikacin ya ce wa mai masaukina shi ne, "Maigida, araha ba ta ado. Wayar ɗaki ba ta kwana cikin ƙasa." Ya yanko guntun wadda ta dace, ya fere ta, ya nuna mana riga huɗu. Can tsakiya akwai jan ƙarfe, shi ne hanyar da wuta ke bi. Kowane zare na jan ƙarfen an lulluɓe shi da roba mai launi, domin roba ba ta barin wuta ta ratsa ta. Sa'an nan aka haɗa su aka sa musu wata riga. A kan wannan aka naɗe zaruruwan baƙin ƙarfe kewaye da ita, kamar sulken da ku ke gani jikin mahaya ranar hawan Salla. A kan sulken kuma aka sa baƙar roba mai kauri, don kada danshi ya sa shi tsatsa. Sulken nan shi ke tare haƙorin ɓera da gafiya, da kaifin dutse. A kan kuma haɗa shi da wata sandar ƙarfe da a ke kafawa cikin ƙasa, domin in wuta ta ɓalle ta bi nan, maimakon ta bi jikin mutum.

Abu na biyu shi ne kauri. Kun taɓa ganin mai lambu ya kora ruwa ta doguwar hanya siririya? Kafin ya kai fangalin ƙarshe ya rage ƙarfi. Haka wuta ta ke. In aka ninka tsawon waya, asarar da a ke yi a hanya ta kan ninka. In kuwa aka ninka yawan jan ƙarfen da ke ciki, asarar ta kan koma rabi. Siririyar waya mai dogon zango ta kan yi zafi, inji ya riƙa gurnani bai jawo ruwa sosai ba, wata rana ya ƙone. Don haka sai ma'aikaci ya auna nisan wuri, ya duba yawan wutar da inji ke sha, ya yi lissafi, kāna ya faɗi kaurin da za a saya. Kun ga amfanin lissafin da ku ke koyo a aji ke nan.

Zaɓen Hanya

Ba a fara haƙa ba sai da suka zaga gonar suka zaɓi hanya. Ba su ratsa tsakiyar kunyoyi ba, sai suka bi gefen iyaka, inda garma ba ta cika shiga ba. Suka nisanci gindin ɗorawa da darbejiya, gama saiwa ta kan matse waya, mai haƙa kuma ya kan raunata itace. Suka kauce wa kududdufin da a ke ɗibar ƙasar gini, da wurin da a ke kafa rumbu, da kwarin da ruwa ke zaizayewa.

Akwai wani lungu inda dole hanyar ta taɓa gonar maƙwabci. Mai masaukina ya tafi da kansa ya yi sallama, ya ce, "Malam, alfarma na zo nema. Ina so in bi da waya ta bakin iyakarmu." Maƙwabcin ya ce, "Ba laifi, amma mu je gaban mai unguwa, don 'ya'yanmu." Suka tafi, aka yi magana gaban shaidu. Wannan ita ce hanyar zaman lafiya. Wanda ya binne waya a gonar wani a ɓoye, ya ɗana masa tarko ke nan.

Haƙa Da Binnewa

Bayan kaka, gona ba shuka, shi ne lokacin wannan aiki. A cikin gida, inda ba a noma, zurfin santimita 60 ya kan isa. Amma cikin gona sai da suka kai mita guda, watau kamar kamu biyu. Za ku ce, ai garmar shanu ba ta nutsewa haka. Gaskiya ne. Amma ku tuna, iska da ruwan sama suna kwashe ƙasar sama kaɗan kaɗan kowace shekara. Wata rana za a kawo tarakta. Wani zai tone rogo, wani zai haƙa ramin dasa mangwaro, ku kanku ku kan bi ramin gafiya da na gyare.

Da rami ya kammala, ga yadda aka jera abubuwa daga ƙasa zuwa sama. Da fari aka tsince duwatsu da fasassun kwalabe, aka zuba rairayi mai laushi wanda aka tankaɗe, kaurinsa kamar santimita 10. A kansa aka kwantar da waya a hankali. Ba a ja ta da ƙarfi ba, ba a kuma karya ta a kwana ba. Aka bi da ita guda ɗaya tun daga gida har rijiya, ba ƙulli, domin ta wurin ƙulli ruwa ya kan shiga. Inda ta ratsa burtali, hanyar shanu da amalanke, aka zura ta cikin bututu mai ƙarfi.

Kafin a rufe, ma'aikacin ya fito da na'urarsa ya gwada, ya tabbata ba inda roba ta huje. Ya ce, "Yau gyara da hannu ne, gobe kuwa sai da diga." Sa'an nan aka zuba wani rairayin aka lulluɓe ta, aka jera jan bulo a kai tun daga farko har ƙarshe. Aka zuba ƙasa aka daddaɓe. Da ya rage saura kamar taƙi biyu rami ya cika, aka shimfiɗa doguwar leda mai launin rawaya, wadda aka rubuta gargaɗi a jikinta, kāna aka ƙarasa cikewa.

Kun ga hikimar? Mai haƙa zai fara cin karo da leda, ta ce masa dakata. In bai ji ba, bulo ya tare shi. In ya fasa bulo, ga sulke. Bayan wannan duka, a cikin zaure aka kafa wata 'yar na'ura wadda, da zarar wuta ta soma zurarewa ta wata hanya, sai ta yanke ta kafin ƙiftawar ido. Masu gadi huɗu ke nan, domin in ɗaya ya yi barci, saura su tashi.

Alama Da Taswira

Saura mai gadi na biyar, wanda ya fi su duka, watau sani. Aka kafa gajerun turakun siminti a farkon hanya da ƙarshenta da kowace kwana, aka shafa musu jan fenti. Sa'an nan aka kira yaron nan da ya tsira, aka ba shi takarda da fensir. Ya zana gida da rijiya da itatuwa da iyaka, ya ja layin waya, ya rubuta nisanta daga kusurwar katanga da daga gindin kuka, da zurfinta, da shekarar da aka binne ta. Aka yi kofi biyu, ɗaya a akwatin maigida, ɗaya wurin mai unguwa.

Don me aka yi wannan wahala? Domin waya mai kyau ta kan shekara da yawa cikin ƙasa, gona kuwa ba ta tabbata hannun mutum guda. A kan raba ta gado, a kan ba da aronta, a kan jinginar, a kan sayar. Wanda zai riƙe fartanya a wurin nan bayan shekara ashirin, watakila yau ba a haife shi ba. Ba zai iya tambayar wanda ya binne ba. Turke da takarda su ne za su yi masa magana.

Abin Da Ya Kamata Ku Kiyaye

Binne waya aikin manya ne, haɗa ta kuwa aikin ma'aikaci mai takardar shaida ne. Amma ku ma kuna da naku rabon. Kada ku shiga ramin da a ke haƙa, gama ƙasar jigawa ta kan rufta ba zato. Kada ku tumɓuke turken alama, ko ku ɗaure akuya a jikinsa. In kuna tono kuka ga leda mai rubutu, ko jerin bulo, ko baƙar waya, ku ajiye fartanya ku kira babba. In ruwa ya zaizaye ƙasa waya ta fito fili, kada ku taɓa, ko da kun ji an ce an ɗauke wuta, domin ba ta sallama in za ta komo. In kuwa kuka ga wuta ta kama mutum, kada ku riƙe shi, gama za ta haɗa da ku. Ku yi ihu, ku sa a kashe babban makunni, a yi maza a kai shi asibiti.

Da na sake bi ta ƙauyen cikin rani, na tarar da lambu kore shar, ga albasa ga tumatir ga latas. Yaron yana ban ruwa, ƙanensa na biye da shi. Na ji ya tsaya wajen wani jan turke yana ce masa, "Ka ga nan? Daga nan har rijiya ba a tono. Akwai waya a ƙasa."

Tambayoyi

1. Me ya sa gonakin arewacin Kano suka fi bukatar a lura wajen binne waya?
2. Kurakurai nawa mai masaukin nan ya yi da fari? Faɗe su.
3. A wace shekara aka gama madatsar Kainji, a kan wane kogi kuma ta ke?
4. Kawo amfani biyu da aibi biyu na wayar sama.
5. Jera abubuwan da ke cikin ramin waya, daga ƙasa zuwa sama.
6. Idan mutum guda yana haƙa mita 6 a yini, kwana nawa mutum huɗu za su yi kafin su gama mita 120?

Aiki

Zana taswirar makarantarku. Nuna ofishin hedimasta da rijiya da itatuwa. Ja layi inda ka ke ganin ya dace a bi da waya daga ofis zuwa rijiya, ka rubuta dalilinka cikin jimla uku.